Koren Moci a Gidan Makoki

Kinue ta jiƙa shinkafa mai danƙo tun jiya da yamma. Ta tuƙa jan wake da sukari har ya kama jikinsa, ta rufe tukunyar. Garin koren shayi yana cikin gwangwaninsa, ita ta niƙa shi da hannunta. Abin da ya rage kawai dakan moci, wato curin dakakkiyar shinkafa na sabuwar shekara. Da gari ya waye ta ɗauki butar tafasasshen ruwa ta nufi rumfar bayan gida don ta ɗumama turmi, domin turmin dutse in ba a ba shi zafi ba, shi ke shanye zafin shinkafa. Ta tura ƙofar rumfar da ƙafa. Babu turmi.

Ta daɗe a tsaye, tururi na fita ta bakin butar. Ga shatin gindinsa nan a ƙasa, ga sawun tayar mota har bakin ƙofa. Buhun da ake rufe shi da shi an ninke tsaf an ɗora a kan itacen girki, ninkin mutumin da bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan yake ninke buhu haka, wato Sadao, yayan marigayi mijinta.

Ta koma cikin gida ba ta ajiye butar ba. 'Yarta Asami, wadda ta iso daga Osaka jiya don hutun ƙarshen shekara, tana zaune ta cusa ƙafafu ƙarƙashin bargon da ke lulluɓe da teburin ɗumama ƙafa tana ɓare lemo.

"Ina turmin ubanki?"

Asami ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsince zaren jikin lemon.

"Ke nake tambaya."

"Mama, ki ajiye butar nan kada ki ƙone."

"Au, ashe kin sani."

"Baffa ya kira ni a waya," in ji Asami, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya ce shi da ɗansa za su ɗauke shi lokacin da kika je tasha ɗauko ni. Ya ce ajiya ce kawai, sai shekara ta zagayo."

"Wato ina can tsaye cikin sanyi ina leƙen jirginki, ke kuma kina ciki kina tunanin ko sun gama kwashe min kaya."

"Haba Mama. Kin fi ni sanin al'ada. Gidan da aka yi rashi ba a daka moci, ba a rataya igiyar sabuwar shekara a ƙofa, ba a aika gaisuwa. Yaushe Baba ya rasu? In aka ji ƙarar taɓarya daga gidan nan, me mutane za su ce?"

"Su ce Kinue na daka. Ƙarya za su yi?"

Asami ta jawo jakarta ta ciro wata leda mai hoton moci a jiki ta ajiye a tebur. Ta ce garin shinkafa ne, kwaɓawa ake yi da ruwa da sukari a sa a na'urar ɗumama abinci, kafin mutum ya wanke hannu ya nuna. Ta ce haka kowa ke yi a birni yanzu, kuma shayin Baba za a zuba a ciki, ba za a yi asararsa ba. "Babu ƙara," in ji ta. "Babu wanda zai ji."

Kinue ta ɗauki ledar da yatsu biyu, ta dube ta gaba da baya, ta sake ta a kan tebur.

"Babu wanda zai ji. Kamar masu yanka kazar sata. Shayin ubanki na ƙarshe zan zuba a cikin wannan kunun?"

Ba ta jira amsa ba ta wuce kicin.

Tun shekarar da aka kawo ta gidan nan, ita da mijinta Tokuji ba su taɓa barin ƙarshen shekara ya wuce ba su daka koren moci ba. Sauran gidaje fari suke dakawa. Tokuji ne ya ce manomin shayi da ke cin farin moci kamar masunci ne da ke cin gayan shinkafa, ya fara zuba garin shayinsa a turmi. Duk watan Mayu, in an yi tsinkar fari, sai ya ware ganyen da ya fi kowanne ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da takarda, ya ajiye a ɗaki mai sanyi ya kwanta har kaka. Bana ma ya yi haka. Amma bai ga buɗe tulun ba. A watan Oktoba Sadao ya kira shi ya kama masa askin itatuwan shayi a gonarsa ta kan tudu, da injin nan da mutum biyu ke riƙewa, ɗaya ta wannan gefen kunya, ɗaya ta wancan. Likita ya riga ya hana Tokuji hawan tudu saboda zuciyarsa, kuma Sadao ya sani. A tsakanin kunyoyin shayin yayansa ya faɗi, a nan ya cika.

Sauran shayin bana an sayar tun bazara. Abin da ke cikin tulun nan shi kaɗai ya rage a duniya wanda hannun Tokuji ya taɓa. Kinue ta yage takardar da kanta, ta zauna gaban dutsen niƙa tana juyawa a hankali, don in an yi sauri dutse ya yi zafi ya ƙona ganye, har kafaɗarta ta daina ɗaguwa. Gari kuwa in an niƙa shi ba ya jiran kowa. 'Yan kwanaki kaɗan launinsa ya fara komawa na busasshiyar ciyawa, ƙanshin ya gudu. Shekarar da Sadao ke cewa a jira ta zagayo, ƙura za ta tarar a gwangwani.

Ta tsane shinkafar a kwando. Ta shimfiɗa ƙyalle a madambacin katako ta juye, ta yi rami a tsakiya da yatsu don tururi ya sami hanya, ta ɗora a kan tukunya ta ƙara wuta.

Asami ta tsaya a bakin ƙofa. "Mama, a ina za ki daka?"

"A turmi."

"Turmin yana gidan Baffa."

"To kin ba kanki amsa."

"Wayyo ni. Mama, don girman Baba kada ki yi haka."

"Kada ki sa min sunansa a baki. Da kina ganin girmansa da kin ce wa baffanki ya cire hannunsa daga rumfarmu. Matsa min."

Da shinkafar ta turaru, ta ɗebi ƙwaya ta murje tsakanin yatsu, ta ji babu tsakiya. Ta tattaro bakin ƙyallen ta ɗaga gaba ɗaya ta saka a bahon katako, ta rufe, ta naɗe bahon da bargon gadonta. Ta ciro taɓarya daga bokitin da ta kwana tana shan ruwa, mai kai kamar guduma, mariƙinta ya yi baƙi ya yi santsi daidai inda tafin Tokuji ke kamawa. Ta loda su a bayan 'yar a-kori-kura. Tana tayar da mota Asami ta fito a guje ba ta ko ɗaura takalmi da kyau ba, butar ruwan zafi a hannu ɗaya, tukunyar wake a ɗaya, gwangwanin shayi a hammata.

"Kin manta waɗannan," ta ce, ta shiga ta ja ƙofa. "Ba wai na yarda ba ne."

"Wa ya nemi yardarki? Riƙe butar da kyau."

Hanyar gidan Sadao ta bi ta tsakanin gonaki ne, kunyoyin shayi sun yi fari da daskararriyar raɓa. Kinue ba ta dubi tudun da ke hannun dama ba. Ta taka mota har bahon na tsalle a baya.

Turmin yana tsakar gidan, ƙarƙashin inuwar rufi, kusa da buhunan taki, an lulluɓe shi da shuɗiyar leda an danne da bulo. Ta yi jifa da bulon, ta fizge ledar, ta karɓi buta ta tuttula ruwan zafi a ciki. Ƙarar bulon ce ta fito da Sadao, dogo, busasshe, da tabarau a kan hanci da jarida a hannu. Matarsa Tamayo ta biyo shi tana goge hannu a jikin riga.

"Kinue. Mene ne haka da sassafe?"

"Ina kwana, Yaya. Na zo gaida turmina, na ji an ce ya yi ƙaura."

"Turmin nan na mahaifinmu ne. Daga gidan nan ya fita, aro aka ba Tokuji."

"Aron da ya wuce shekara arba'in? Sai da mai shi ya kwanta dama ka tuna da aro?"

"Ba rigima nake nema ba," in ji Sadao. "Mutuncin gida nake karewa. Daka moci abin murna ne. Ƙanena bai daɗe a ƙasa ba, a ji matarsa na buga turmi kamar ana biki? Ki bari. Tamayo ta riga ta yi magana da maƙwabta, za a kawo miki fari har gida, kamar yadda ake yi wa kowa."

"Su ci farinsu."

Ta kwashe ruwan da kwano ta watsar, har ya fallatsa a kan silifas ɗinsa. Ta goge turmin, ta kwance bargo, ta juye shinkafar. Tururi ya tashi ya rufe mata fuska.

"Na hana," in ji Sadao. "A gidana kike."

"Ni na kawo kaina? Inda ka ajiye turmi nan ake daka."

Ta kama taɓarya ta fara danne shinkafar, tana zagaya turmi tana murzawa da nauyin jikinta don ƙwayoyin su haɗe kafin a fara bugu. Wannan aikin Tokuji ne, ita ba ta taɓa yi ba. Nata aikin durƙuso ne a gefe da jiƙaƙƙen hannu, tana juya moci tsakanin bugu da bugu. Da ta zo ɗaga taɓaryar, kafaɗar da dutsen niƙa ya cinye ta ƙi. Ta kai ta daidai ƙirji, hannun ya saki, kan taɓaryar ya faɗo a kan shinkafa ba ƙarfi, kamar an ajiye.

Ta sake gwadawa. Haka dai.

"Kawo, Mama," in ji Asami.

Asami ta tuɓe rigar sanyi ta ɗaga taɓarya sama da kai, ta rufe ido ta sauke. Ƙau! Kan itacen ya daki leɓen dutse, wani ɗan sili ya tsage ya faɗa cikin shinkafa. Sadao ya runtse ido kamar a haƙorinsa aka buga.

"Ke! Gatari aka ba ki? Za ki fasa taɓaryar!"

"To Baffa ya zan yi? Ban taɓa riƙewa ba!"

Kinue ta durƙusa ta tsince silin da farce. Ta ɗora bayan hannu a kan shinkafar. Gefen da ke jikin dutse ya fara yin sanyi. Shinkafa in ta huce a turmi ta tashi daga aiki, ko ƙato goma aka kawo ba za ta haɗe ba, sai dai ta zama dunƙulen tsaki. Kuma ba za ta zuba shayin Tokuji a kan tsaki ba.

Tamayo ma ta gani. Ta matso kusa da mijinta ta ce a hankali, "Maigida, tana hucewa fa."

"Ta huce. Ni na ce a turara?"

Kinue ta ɗago daga inda take durƙushe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ranar da kake neman mai riƙe maka ɗaya gefen inji, ba ka tuna da mutuncin gida ba. Ka san abin da likita ya ce. Ka zo har ƙofata ka ɗauke min mai daka, ka dawo min da shi a kwance. Yanzu ka dawo ka ɗauke turmi. Saura me? Ga taɓaryar nan, haɗa da ita. In ka ga dama ka ɗauki butar ma."

Tamayo ta sunkuyar da kai. Asami na riƙe da taɓarya kamar wadda aka ba ajiyar maciji.

Sadao ya ninke jaridarsa gida huɗu ya miƙa wa matarsa. Ya cire tabarau ya ɗora a kai. Ya fice daga silifas, ya tsaya da safa a kan ƙasa mai sanyi, ya karɓi taɓaryar daga hannun Asami ba tare da ya dube ta ba. Ya tsoma kanta a ruwa, ya fara danne shinkafar yana zagayawa, da sauri, da haushi, gwiwarsa na ƙara.

"Ko murza ba ki yi daidai ba," ya ce. "Duk gefe ɗaya kika tura ta."

"Aikin ƙanenka ne. Je ka kai masa ƙara."

"Jiƙa hannunki."

Ta jiƙa. Ta gyara durƙuso a gefen turmin, sai a lokacin ta ga abin da ta jawo wa kanta. Da Tokuji ba ta taɓa buɗe baki ba. Numfashinsa take ji, in ya ja ta san taɓarya ta tashi, in ya saki ta san ta cire hannu. Wannan kuwa ba ta san numfashinsa ba. Ƙarƙashin taɓaryar mutumin da ta tsana fiye da kowa za ta riƙa cusa hannunta.

"Sai na ce sauke za ka sauke," ta ce.

"Na daka moci kafin a haife ki."

"Shi ya sa nake tsoro. Sauke!"

Tim! Ƙarar ta daki bangon rumbu ta dawo. Ta kamo gefen mocin ta naɗo shi tsakiya, ta shafa ruwa, ta janye.

"Sauke!"

Tim!

"Ruwa ya yi yawa, za ki mai da shi koko."

"Ido a kan turmi, tsoho. Sauke!"

Tim!

Ƙauyen a cikin kwari yake, ƙarar turmi ba ta ɓuya. Can ƙasa wani kare ya fara haushi. Aka ji ƙofar gidan da ke tsallaken hanya ta zuge, sannan wata. Tamayo ta leƙa ta kan shinge ta dawo da fuska a yamutse.

"Mutane sun fito suna kallo."

"Su kalla da kyau," in ji Kinue. "Yaya, yau a gidan wa za a ce an yi daka? Sauke!"

Sadao ya ciji leɓe. Bugun da ya biyo baya sai da turmin ya motsa a kan gindinsa.

Da ƙwayoyin suka fara ɓacewa, tururin ya ragu, ta ɗaga masa hannu ya dakata. Zafi in ya yi yawa yana kashe launin shayi, in ya yi kaɗan ba ya shiga. Ta karɓi gwangwanin daga Asami ta buɗe. Ƙanshin ya tashi a cikin sanyin nan, ɗanye, kamar an tsaya a gona a watan Mayu. Ta dama garin da ɗan ruwa da sukari a kwano, ta buɗe tsakiyar mocin ta juye duka, ta suɗe kwanon da yatsa ta shafa a ciki, ta naɗe.

"Duka?" in ji Sadao. "Ba ki rage ko na kofi ɗaya ba?"

"Wa zan dafa wa? Sauke. A hankali, kada ya fantsama."

Koren ya fara fitowa jijiya-jijiya a jikin farin, yana yaɗuwa. Sadao na haki, zufa na bin wuyansa. Kinue ta naɗo, ta shafa ruwa, amma wannan karon ba ta janye ba. Ta shimfiɗa tafinta a tsakiyar mocin ta bar shi. Taɓarya na sama.

"Cire hannu."

"Ranar nan. Da ƙanenka ya ce ya gaji, ka tsaya?"

"Mama!" in ji Asami.

"Kinue, cire hannunki, abin nan da nauyi."

"Ka tsaya ko ba ka tsaya ba?"

Kan taɓaryar na lilo a saman kan Sadao. Bai sauke ta gefe ba, ita ma ba ta motsa ba.

"Yaushe kika taɓa jin Tokuji ya ce ya gaji?" ya ce da ƙyar. "Ni na ga fuskarsa ta sake. Na ce a huta. Ya ce in ni tsufa ya kama ni in faɗa, shi sai ya ƙarasa kunyar. Yana dariya ya faɗa."

Ta san gaskiya ce. Har muryar ta ji, da yadda zai karkace baki. Wannan ya ƙara mata wuta.

"Kai ne babba. Da ka ajiye naka gefen, dole ya tsaya."

"Da na ajiye," in ji Sadao. "Moci na hucewa."

Ta janye hannun.

"Sauke."

Daga nan sai kalmar nan ɗaya da ƙarar turmi. Suka yi ta yi har mocin ya zama kore shar ko'ina, yana sheƙi, yana bin taɓarya in ta tashi. Ta ja gefe ta ga ya miƙe bai tsinke ba. Ta ce ya isa.

Tamayo ta riga ta shimfiɗa faranti na katako a bakin baranda ta barbaɗe shi da garin sitaci, ba wanda ya sa ta. Kinue ta ɗauko mocin da hannu biyu ta kife a kai. Tana matsowa tsakanin babban yatsa da manuni tana yankowa, Asami da Tamayo na faɗaɗawa a tafi, su sa dunƙulen wake, su tsuke baki, su juya shi ƙasa. Zafi na cin yatsunsu suna hurawa. Na Asami duk sun karkace, wani ma wake na leƙowa.

"Wannan moci ne ko kwaɗo?" in ji Kinue.

"Ciki ɗaya za su."

Sadao na zaune a kan buhun taki, safarsa ta jiƙe, yana duba tafin hannunsa da ya yi bororo. Kinue ba ta ba shi ko ɗaya ba. Bai kuma tambaya ba, ya san na farko ba na masu rai ba ne. Ta jera su a akwatin katako ta rufe da ƙyalle. Da za ta shiga mota ta tsaya.

"A wanke turmin da ruwan zafi kafin ya bushe. Ba da sabulu ba."

"Ni za ki koya wa wankin turmi?"

Ta ja ƙofa.

A gida ta wanke hannu ta ɗora biyu a ɗan faranti ta kai ɗakin da hoton Tokuji yake, a cikin akwatin da ake girmama kakanni, kusa da na iyayensa. Ta kunna turaren tsinke, ta buga 'yar ƙararrawa, ta ajiye farantin. A hoton yana sanye da hular gona yana dariya, haƙorinsa na gefe da ya karye a waje. Ta zauna a kan dugaduganta ta ɗauki ɗaya daga akwatin mocin ta gatsa.

Tun a mota ta shirya wa abin da za ta ji. Ta san za ta ji tsaki a ciki, ko tauri, ko wani rashi da harshe zai gane, tunda ba shi ya daka ba. Ta tauna a hankali tana nema. Laushi har ƙarshe. Ɗacin shayin ya fara zuwa, zaƙin wake ya biyo, ƙanshin ya hau hanci ya zauna. Babu abin da ya ragu. In ma gaskiya za a bi, ya fi na bara santsi, don bara hannun Tokuji ya riga ya fara sanyi.

Ta ajiye ragowar a cinyarta ta dubi hoton.

"Ka ji?" ta ce. "Ya yi daɗi. Ba ka nan kuma ya yi daɗi. Kana jina, mai kunnen ƙashi? Kunya ɗaya ta shayi, ko taka ma ba ce ba. Da ka bar ta da gashinta wa zai mutu? Ka tsaya yi wa yayanka burga, ka bar ni ina rarrafe a tsakar gidan mutane ina roƙon mai ɗaga min taɓarya. Kana ta dariya. Rufe min baki!"

Ta kai hannu ta kife hoton. Ta zauna tana huci, sitaci a leɓenta, hawaye na sauka a kan mocin da ke cinyarta. Can ta miƙa hannu ta tayar da shi, ta goge gilashin da bakin hannun riga, da ƙarfi, kamar mai goge wa yaro majina.

Asami na tsaye a bakin ƙofa da nata a hannu, ta gatsa sau ɗaya.

Kinue ta ɗaga ƙyallen ta dubi akwatin. Cike yake, layi-layi. Moci mai wake ba ya kwana biyu, gobe war haka ya fara tauri. Da can ba ta taɓa tunanin wannan ba, don Tokuji kaɗai yakan tashi da rabi kafin rana ta faɗi, yana ci yana cewa ɗanɗanawa yake yi.

"Wa zai cinye wannan duka?" ta tambayi hoton. Ta share fuska ta juya. "Ke, ɗauko ƙananan akwatuna a saman kabad. Gidajen da suka buɗe ƙofa suna kallo, da su za a fara. Ki ce daga gidan Tokuji, shayinsa na ƙarshe. Wanda ya ga haramun ne ya dawo min da shi."

"Ni zan kai? Mama, da wane ido?"

"Da wanda kika kalle ni da shi a tasha. Ki sa takalmi da kyau."

Asami ta ɗauko akwatunan ta durƙusa suna jerawa.

"Na Baffa fa?"

Kinue ta zaɓi karkatattun nan da Asami ta naɗa, masu wake a waje, ta tura su gefe ɗaya.

"Waɗannan. Kuma ba ke za ki kai ba. Ƙafarsa lafiya lau, ya zo ya ɗauka."